Tafiya Gab da Shan Ruwa

Azumin bana ya faɗo mana a tsakiyar zafi, ni kuma ya tarar da ni da wani aiki da ban taɓa jin an ba dattijo ba, wai tafiya. Ba zuwa kasuwa ba, ba dubiyar mara lafiya ba. Ka fita kawai ka yi ta jan ƙafa, in ka gaji ka juyo gida hannu rabbana.

Wata likita ce a asibitin garinmu Gaya ta ɗora mini, yarinya ƙarama sa'ar autata. Ta gwada jinina, ta duba ƙafata ta dama da na ce mata tana yi mini nauyi, wani lokaci ma sai in taka ƙaya ban sani ba. Sannan ta tambaye ni sana'ata.

"Tela ne," na ce.

"Tun yaushe, Baba?"

"Tun ba a haife ki ba."

"To zaman ya isa haka. Suga ya hau, jini ma ya hau. Ƙafar nan in ba ka riƙa motsa ta ba, wata rana maganar yankewa za a zo ana yi."

Na ce mata duk faɗin Gaya babu ƙafar da ta kai wannan motsi, ita ke taka keken ɗinki tun safe har yamma. Ta yi dariya ta ce wannan ba ya ciki. Ta yarda in yi azumi, da sharaɗin in na ji jiri in karya ba gardama. Game da lokacin fita kuwa cewa ta yi, "Ban da tsakar rana. Ko da sassafe ko da yamma lis, kai za ka zaɓa."

Na fito ina ganin abin kamar wasa. Amma maganar yankewar nan ta biyo ni har gida ta zauna. Tela mai ƙafa ɗaya, a gidan da babu mai miƙo masa ko buta. Hajara, uwar 'ya'yana, ta rasu bara bayan babbar salla. Mazan suna can wuraren neman abincinsu, Rabi autata kuma tana aure a Sakkwato, ita ce mai yawan kira. Gidan da a da sai na daka tsawa kafin in ji abin da rediyo ke faɗa, yanzu ina jin gudun ƙadangare a kan kwano. Tsoro ya kama ni, ba zan ɓoye ba.

Na fara da safiya, don Rabi ta ce haka masu ilimi suke yi. Ana sallame asuba na kama titin Ajingi. Ban yi nisa ba wani mai babur ya ci burki a gabana.

"Baba, lafiya? Hau in ƙarasa da kai."

Na ce masa na gode, ya wuce yana waiwaye. Can gaba sai ga Sani mai nama, wanda muka saba tsokanar juna, yana kan kekensa. Ya san asalina Toranke ne, wannan kuwa hanyar can ce, sai ya sauko da sauri.

"Malam Idi, rasuwa aka yi a gida?"

"Ba wanda ya rasu. Motsa jiki nake."

"Motsa me?"

"Jiki. Likita ce ta ce."

Ya dube ni tun daga hula har takalmi. "To, Allah ya sawwaƙe," ya ce, ba ko alamar tsokana a muryarsa, wannan kuwa shi ya fi ba ni haushi.

A wurinmu dattijo ba ya tafiya haka kawai. In an gan shi da sassafe yana sauri a kan titi, to wani abu ya faru. Kafin in buɗe shago zance ya riga ni shiga kasuwa, wai tun da Hajara ta rasu kan tela bai dawo daidai ba. Ga shi tafiyar ta shanye ɗan ruwan da na sha da sahur, kafin azahar harshena ya bushe ƙayau. Na rufe shago na koma gida, na jiƙa tabarma na kwanta a zaure. Warin jiƙaƙƙiyar tabarmar nan da ƙishin su suka mai da ni Toranke, shekarar da azumi ya faɗo a tsakiyar damina, ina saurayi ko aure ban yi ba.

Shekarar da ta gabace ta gero bai yi ba, don haka muka shiga damina rumbu ya riga ya yi ƙasa. In wana Yaya Habu ya faɗa ciki ɗauko dami, ko kansa ba a gani, sai dai mu ji muryarsa daga can ƙasa. Ruwa ya makara har sai da aka fita roƙo. Da ya tashi zuwa kuma ya zo da gaske. Muka yi shuka, gero ya fito, ciyawa ta fito tare da shi ta kuma fi shi sauri. A daidai lokacin kurkunu ya kwantar da Babanmu. Ƙafarsa ta kumbura suntum, yana zaune a ƙofar ɗaki ana nannaɗe tsutsar a jikin tsinke kaɗan-kaɗan kowace safiya. Gonar gandu, wadda mu uku ma da ƙyar muke cinye ta, ta rage daga ni sai Yaya Habu. Ana cikin haka aka ga wata.

Sahur ɗinmu ɗumamen tuwo ne da miyar kuka mai ruwa-ruwa, ranar da babu kuma kunu. Inna takan ce ita ta riga ta ci nata a madafi, mu kuma mu yi kamar mun yarda. Ana idar da asuba Yaya Habu zai tsaya a bakin ɗakina ya buga ƙotar fartanya a ƙasa ya ce, "Idi, fito." Ba ya ƙara komai a kai. Mu bi hanya raɓa tana jiƙa mana wando har gwiwa, kwaɗi suna ta surutunsu a kududdufi.

Shi mutumin safiya ne. A ganinsa duk aikin da ba a yi ba kafin hantsi ya ɗaga, an yi asararsa. Ni kuwa ni da safiya ba mu taɓa shiri ba, jikina ba ya sakewa sai rana ta karkata. Kusan kullum sai mun yi wannan musu, kowa na duƙe a layinsa.

"Da safe kana da ruwan sahur a jikinka," in ji shi. "Da yamma da me za ka yi noman? Da yawu?"

"Da yamma ko faɗuwa na yi, Yaya, na san magariba ta kusa. Wanda ya ƙona kansa da safe, wa zai kai shi yamma?"

"Kai dai ka ce barci kake so."

A ƙarshe duka biyun muke yi, don ciyawa ba ta bar mana zaɓi ba. Zafin damina ba irin wannan na bazara ba ne. Na bazara busar da kai yake yi, na damina kuwa dafa ka yake. In an kwana ana ruwa rana ta fito, sai ƙasa ta riƙa tururi, gumi ya shiga ido, ƙotar fartanya ta riƙa santsi a hannu. Ga ruwa ko'ina, a kududdufi, a sawun shanu, a kan ganye, amma ba damar sha. In rana ta take sai mu koma gindin tsamiyar da ke tsakiyar gonar, mu tuɓe riguna mu tsoma a ruwa mu shimfiɗa a ƙirji. Ba mai yi wa wani magana. Ina jin numfashinsa, yana jin nawa, wani lokaci cikin ɗayanmu ya yi ƙugi mu yi kamar ba mu ji ba. La'asar na yi mu sake tashi. Da shan ruwa kunun tsamiya ne da kwaɗon tafasa da ɗan ƙuli a kai, tuwo kuwa ba kullum ba.

Azumi ya raba tsakiya ba mu ci rabin gonar ba. Geron ɓangaren gabas ya fara yin rawaya, ciyawar harkiya ta shaƙe shi. Baba ya kira mu ya ce babu dabara sai gayya, a kira mutanen unguwa su taya mu noma, mu kuma mu ciyar da su a gona kamar yadda aka saba.

"Da safe za a yi," in ji Yaya Habu. "Lokacin mutane suke da ƙarfi."

"Da safe me za ka ba su?" Baba ya tambaye shi. "Azumi ake. Mutum ya zo ya zubar maka da gumi ka sallame shi da na gode? Ba a taɓa yi a gidan nan ba."

"Sai a aika musu gida da yamma."

Inna tana bakin murhu ta ce, "Abin da ke akwai bai isa a raba gida-gida ba. A tukunya ɗaya dai, kowa da ludayinsa, zai yi auki."

Haka aka tsayar, bayan la'asar, a sha ruwa a gona. Ni har daɗi na ji, yau yamma ta ci. Muka bi gida-gida muna gayyata, kowa ya ce in Allah ya yarda yana nan zuwa. Ranar kuwa Inna ta jiƙa geron da ya kamata ya kai mu kwanaki. Tun hantsi take daka da azumi a bakinta, in ta gaji ta jingina da taɓarya ta huta ta ci gaba. Ta dama kunun tsamiya cike da babbar tukunya, ta kwaɗa tafasa a akushi. Ni da Yaya Habu muka ɗauka muka kai gindin tsamiya, muka rufe da faifai.

La'asar ta yi muka fara noma, muna yi muna ɗaga kai muna duban hanya. Ko akuya ce ta gilma sai mun miƙe. Rana ta yi ta sauka har ta kai kan ɗorawar da ke iyakar gona. Mutum ɗaya ne ya zo, Baba Audu maƙwabcinmu, tsoho mai rawar hannu, wanda ba mu ma gayyata ba saboda girmansa. Ya ja layi ɗaya da ƙyar, ya zauna yana haki.

"Kada ku riƙe su a zuci, 'ya'yana," ya ce. "Na biyo ta zaurukan. Duk suna kwance kamar an yi musu duka. Kowa ya ƙarar da kansa a gonarsa tun safe."

Gaskiya ya faɗa. Ba mu kaɗai ciyawa ta kama ba, ba kuma rumbunmu kaɗai ya yi ƙasa ba. Mutanen sun yi alkawarin da zuciya ɗaya, jiki ne ya ƙi. Har yau ban riƙe ko ɗaya daga cikinsu ba.

Muka ji kiran salla can daga gari, siriri. Mu uku muka zauna a gaban abincin unguwa guda. Ban taɓa shan kunu mai daɗin na ranar ba, kuma kunyar daɗin da nake ji ta hana ni duban Yaya Habu. Shi kuwa ya ɗan kurɓa ya ajiye ludayi, ya zuba wa gabashin gonar ido. Bai ce mini ai ya faɗa ba. Da ma ya faɗa, da ya fi mini sauƙi.

Muka sako tukunyar a gaba muka dawo da ita. Inna ba ta tambaye mu komai ba. Ta ɗaga faifai ta leƙa, ta san kunu ba ya kwana a wannan zafi. Sai ta fito da ƙore ta shiga zubawa, ta ce mu kai gida-gida, gidajen mutanen nan da ba su zo ba. Na kai, matan gida suna karɓa suna godiya suna sunkuyar da kai. Da na dawo na tarar Baba ya shige ɗaki ya juya fuskarsa bango.

Bayan wannan abincin gida ya ƙare. Yaya Habu ya saɓa fartanyarsa ya tafi ƙwadago wajen Kademi, inda ya ji wani mai hali yana biyan 'yan noma da hatsi. Sai ya yi kwanaki ya dawo da ɗan abin da ya samu a ƙulle, ya kwana ya koma. Safiyar farko da ba ya nan na farka da kaina, na yi salla, na zauna a bakin gado ina jiran a buga ƙota. Sai da gari ya waye tangaran na tuna babu mai bugawa.

A nan na fara zaɓar lokaci da kaina, tunda ni kaɗai ba zan iya safe da yamma ba. Na gwada safiya. Da safe hanya cike take, uba da 'ya'yansa, wa da ƙannensa, kowa da nasa. Duk gonar da na wuce sai an ɗago an ce, "Idi, kai kaɗai? Ina Habu? Yaya ƙafar Malam?" Da kirki suke tambaya, amma kafin in kai gona na amsa har na gaji, in duƙa kuma ina jiyo hirarsu da dariyarsu ta kowane gefe. Sai na koma yamma. Ina fita mutane suna komowa. In magariba ta gabato dajin sai ya zama babu kowa, daga ni sai kurciyoyi da inuwata da ta yi tsawo a kan gero. Nakan tafi da ruwa a gora, in an kira salla in sha a gindin tsamiya in yi salla in taho. Kaɗaici dai kaɗaici ne, amma na yamma ya fi mini sauƙi, don babu mai ganina a cikinsa.

Gabashin gonar ya tafi, ba mu cire ko dami ɗaya a can ba. Sauran ya ba mu abin da muka lallaɓa. Baba ya warke yana ɗingishi. Da aka gama girbi Yaya Habu ya tafi Kurmi, can kudu, cin rani, ya samu wuri ya zauna, sai zuwa ganin gida jefi-jefi. Can ya rasu. Ni kuma Baba ya kawo ni Gaya koyon ɗinki, na hau kan kujera ban sake sauka ba. Noma bai ƙara haɗa ni da wana ba tun daga ranar gayyar nan.

Duk wannan na tuna ina kwance a zaure, tabarmar har ta bushe a ƙarƙashina. Yanzu ba na rasa abinci. Matar maƙwabcina tana aiko mini da kwano kullum, ga ƙanƙara ana sayarwa a bakin layi. Gumin da a da muke neman inda za mu ɓuya masa, shi ne yau likita ta ce in fita in nemo.

Ranar, da la'asar ta yi sakaliya, na sa dabino da ruwan leda a aljihu na fita. Sai na ga ashe abin da na koya a Toranke yana nan. A wannan lokaci ba mai ta kowa. Masu babur suna ta gudu da ledojin ƙanƙara a rataye, ƙanshin ƙosai yana fitowa daga kowane lungu, wanda ya gaishe ni ma bai tsaya jin amsa ba. Na wuce gidajen ƙarshe na shiga tsakanin gonaki. Duk a share suke ana jiran ruwa, ƙasa fara fat, zafin da ta sha tun safe yana fitowa ta cikin takalmina. Na kai wani kwalbati na zauna. Da na jiyo ladanin gari na ci dabino na sha ruwa, na yi salla a gefen hanya, na tako a hankali na dawo. Haka na ci gaba da yi. Cikin 'yan kwanaki na fara jin ƙafar ta rage nauyi, har wata rana tsakuwa ta shiga takalmina na ji ta, na tsaya ina murna ni kaɗai.

Rabi ta kira ni wata safiya ina shago.

"Baba, yaya tafiyar? Da safen dai kake yi ko?"

"Na sauya. Gab da magariba nake fita."

"Ai lokacin shan ruwa ke nan. A ina kake sha?"

"A kan wani kwalbati, can bayan gari."

"Haba Baba. Kamar wanda ba shi da gida? Mutum ai a gidansa yake shan ruwa."

"In na zauna a gidan, Rabi, da wa zan sha?"

Ban so maganar ta fito haka ba, yarinyar tana da nata nauyin. Ina jin tana jan hanci. Can ta ce, "Yau in ka kai kwalbatin ka kira ni. Tare za mu sha."

Na fita da wuri ranar, har da sa sabuwar hula, ban san dalili ba. Ina zama na kira ta ta ɗauka. Gidan nata ya cika mini kunne, ƙarar kwanoni, mai yana soyuwa, yara suna faɗa a kan kofi, mijinta yana tambayar inda aka sa dabino. Ta ajiye wayar kusa da ita tana aiki tana ba ni labarin ƙaramin, wai ya ce shi ma azumi yake, an kama shi yana cin gyaɗa a bayan ƙofa. Na yi dariya har da tari. Rana ta faɗa bayan itatuwa, ladanin Gaya ya kira.

"An kira a nan," na ce mata.

"Mu da saura, Baba, rana ba ta gama faɗuwa ba." Daga ni har ita ba wanda ya tuna magaribarmu tana riga tasu. "Ka sha kawai, kada ka jira ni. Ka san jikinka."

Na ce mata to. Na san gaggautawa aka fi so, na kuma san abin da likita za ta ce. Duhu ya fara sauka a kan gonakin, dabinon ya jiƙe da gumi a tafin hannuna. Na ƙara manna wayar a kunne, ina jin ta tana ce wa yara su shimfiɗa tabarma, na zauna ina jiran ladaninsu.